Rufin Ɗakin Inna

Bana zafi bai yi sallama ba. Tun kafin a shafa mana toka a goshi ranar Larabar da ake buɗe karem, wato azuminmu na Kirista, kwanon rufi ya fara ƙara da hantsi kamar ana tafiya a kansa. Wuta ta ɗauke, famfo ya yi ta tari ba ya kawo komai. A cikin wannan hali jikata ta dawo daga coci ta ce monper, limaminmu, ya ce kowa ya zaɓi abin da yake so ya haƙura da shi har azumi ya wuce. Ta yi dogon tunani, ta ce ita za ta bar shan zoɓo mai ƙanƙara. Na ce mata ya yi, Allah ya karɓa. Na tashi na shiga ɗaki, don ban so ta ga fuskata ba. Uwata ma ta taɓa zaɓar abin da za ta bari a wani karem, kuma shekara ashirin da wani abu ke nan ban gama fushi da ita ba.

Mu Hausawan Zango ne na tsakiyar Wagadugu, tsohuwar unguwar fatake da ake kira Zanguwetin. Babana direban babbar mota ne daga Nijar, ya zo da Inna da addininsu, ya sayi ɗan gida a cikin masu goro da masu atamfa. A duk layinmu mu kaɗai ne Kirista. Ba wanda ya dame mu da hakan. Da sallah namanmu yana zuwa daga gida uku ko huɗu, da Kirsimeti kuma Inna ta sa Musulmi ya yanka mata kaza don kowa ya ci. Maƙwabta suna tsokanarta cewa ta fi liman jan carbi. Gidajen Zango a manne suke, bango ɗaya na gida biyu ne. Idan maƙwabcinka ya yi atishawa kai za ka ce masa sannu.

Abubuwa uku suka haɗu mana a lokaci guda. Yaƙi a wata maƙwabciyar ƙasa ya rufe hanyar bakin teku, maigidana Daniyel, wanda shi ma direba ne, ya rasa mota, ya tafi Lome neman wata. Gobara ta ci babbar kasuwa, Rood Woko, inda nake taya wata Hajiya sayar da atamfa. Sai kuma aka ce za a rushe unguwar gaba ɗaya a yi sabon gini. Masu gida aka ba su fili a bayan gari da ɗan abin da za su fara da shi. 'Yan haya kuwa aka ce su nemi inda za su.

Ban manta ƙarar cire rufi ba. Unguwa guda ta hau kan gidajenta tana zare ƙusa, don ba mai barin kwanonsa wa katafila. Yara suna tsince ƙusoshi suna miƙe su a kan dutse. A Wagadugu da kwano ake auna ɗaki, idan ka ce ɗaki mai kwano takwas kowa ya san girmansa. Da muka ware waɗanda tsatsa ta cinye, muka samu na ɗaki biyu daidai, ba ragi ba ƙari. Ɗaya nawa da yarana biyu, ɗaya na Inna. Ni da hannuna na liƙe ramukan ƙusa da kwalta. Baba ya riga ya rasu tun ina budurwa, saboda haka hukuncin gidan tsakanina da Inna yake.

Inda aka kai mu fili ne fetal. Ba itace ko ɗaya, sai duwatsun iyaka da jar ƙasa. Muka jingina kwanonin da juna muka yi bukka, da rana ta zama tanda, sai dai mu fito mu zauna a 'yar siririyar inuwarta muna matsawa tana matsawa. Ruwa a tura yake zuwa cikin ganga, kuma mai turar ya san ba mu da zaɓi. Ga shi tubali ba ya buguwa sai da ruwa. Ruwan da aka wanke yara da shi a tara, na wanke kwanuka a tara, duk a zuba a ramin laka. Da asuba muke shiga ramin kafin ƙasa ta yi zafi, mu taka laka da ƙafa, mu cika akwatin bugu, mu jera. Mata gida biyar muka haɗa kai, yau a buga wa wannan, gobe a buga wa waccan. Kafin azahar ba mai iya taɓa tubali da hannu. Tafin ƙafata ya tsage har ina ɗaure shi da tsumma.

Abinci kuwa babenda ne, abincin Mosi, ƙabilar ƙasar, na lokacin yunwa, ganye mai yawa da ɗan tsakin hatsi kaɗan a ciki. A Zango muna yi wa masu cinsa dariya. Wannan shekarar muka koyi dafa shi, muka kuma koyi lashe tukunya. Yarana suna ci su tashi, kafin a jima su dawo su tsaya a bakin murhu suna kallon tukunya. Wannan tsayuwar ta fi kuka ciwo.

Inna ba ta canza komai daga tsarinta ba. Kafin gari ya waye ta durƙusa a kan buhu ta ja carbinta, ta yi wa mutane addu'a da suna ɗaya bayan ɗaya, har da mai turar ruwa da ni nake tsine wa. Idan na zuba mata abinci ta raba biyu ta tura wa yara rabi, ta ce, “Ya ishe ni.” Ruwa rabin moɗa, ya ishe ta. Zani biyu, sun ishe ta. Ran Juma'a ta yi tafiyar ƙafa mai nisa zuwa coci don addu'ar hanyar gicciye, ta dawo leɓenta a bushe, ta ce Allah ya yi mana alheri yau. Ni dai na duba hagu na duba dama ban ga alherin ba, kuma nakan faɗa mata.

Magininmu wani dattijo ne ɗan Mosi. Ranar da zai ja igiyar gini ya tsaya ya dubi sama, ya ce mutanen Zango duk kuskure ɗaya suke yi. Sun saba bangonsu yana jingine da na wani, ba su san bango shi kaɗai a fili ba. Ya ce a nan hadari daga gabas yake zuwa, kuma ba daga sama yake sauka ba, a kwance yake tahowa, bangon da ya tarar shi yake ci.

Inna ta ce, “To nawa ɗakin ya zauna a gabas. Na yaran ya ɓuya a bayansa.”

Ya ce, “Yaaba,” wato kaka a yarensu, “ba laifi, in dai rufin ya sauko ya kare kan bangon.”

Ban yi gardama ba a ranar, tunda rufi muna da shi.

Akwai wani Malam Idi da ya yi shekaru yana haya a gidan da ke manne da namu a Zango. Aikinsa ɗaure huhun goro a kasuwa, gobara ta raba shi da aikin. Da yake ɗan haya ne ba shi da fili, ba shi kuma da kwano ko ɗaya, na mai gida ne. Ya biyo mutane ya raɓa a gefen unguwar, inda ba a yanka filaye ba, ya tayar da bango huɗu ya shimfiɗa buhunan siminti a sama. A ƙarƙashin buhunan nan matarsa Hajara ta haihu a tsakiyar zafi. Inna ta je barka. Ta dawo ta zauna a bakin bukka tana kallon tarin kwanonmu. Da na ga irin kallon sai na gane abin da ke ranta, don na san uwata.

Da yamma ta ce, “Auta, monper ya ce kowa ya bar abin da yake so.”

Na ce, “Na ji shi, ai tare muka je.”

“To me zan bari? Nama? Yaushe rabonmu da shi? Sukari? Na duba kayana kaf, ban ga abin da zan bari in ji zafinsa ba sai abu ɗaya.”

“Inna, kada ki fara.”

“Jaririn nan duk jikinsa ƙuraje ne. Rana tana ratsa buhu tana sauka a kansa. Ruwan farko in ya zo, a cikin tabki za su kwana.”

Na ce, “Su je meri, ofishin magajin gari, su kai kuka! Mu muka rushe musu gida? Yana da 'yan'uwansa Musulmi, Alhazawa nawa ne a unguwar nan?”

“Alhazawan ma rufi suke nema. Ni ban taɓa naki ba. A kan takwas ɗina nake magana.”

“Ke kuma ki kwana ina?”

“Zana. A ƙauyenmu a ƙarƙashin zana aka haife ni. Ubangijin da nake bi ma a ɗakin dabbobi aka haife shi, shi ma na aro.”

Na ce, “Shi ba tsohuwa ba ne mai tari!”

Ta yi dariya har tarin ya taso mata. Ni ban yi ba. Na yi faɗa, na yi kuka, na ce ai Allah bai ce mutum ya kashe kansa ba, na ce Baba ne ya sayi kwanon nan da guminsa. Ta bar ni na gama, ta ce Daniyel zai dawo kafin damina ya sayo sabo, in bai dawo ba kuma Allah yana nan. Washegari ina ramin laka ta kira Malam Idi. An gaya mini ya ƙi, ya ce ba zai iya ba. Ta ce masa aro ne, kuma in ya ƙi karɓa ya karya mata azumi, alhaki a wuyansa. Da na dawo na tarar tarin kwanonmu ya ragu da rabi. Na yi kwanaki ba na amsa gaisuwar mutumin nan.

Magini ya rufe ɗakina da kwano, ya ɗora duwatsu a kai. Da ya zo kan na Inna ya girgiza kai, ya jera sanduna, ya shimfiɗa leda da zana biyu, ya ɗaure da waya. Ya ce wannan rufin rani ne. Inna ta shiga ta kwanta ta ce ɗakinta ya fi nawa sanyi. Gaskiya ta faɗa, kuma hakan ya ƙara ba ni haushi.

Idin Pak, na tashin Almasihu, ya zo ya wuce, muka ci shinkafa sau ɗaya. Na je wurin buga waya na samu Daniyel, ya ce mota ta kusa samuwa, in ƙara haƙuri. Kuɗin da aka ba mu ya tafi a ruwa da katako da ƙofa, kwano kuma ya yi tsada don kowa gini yake. Zafi ya koma mai nauyi, irin wanda gumi ba ya bushewa. Kullum la'asar sai in tsaya in dubi gabas. Manoma suna roƙon ruwa, ni ina roƙon ya dakata, ina kuma jin kunyar roƙon.

Ya zo wata ranar Talata da la'asar. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta tsaya cak, awaki suka shiga kuka. Sai guguwa ta taso. Na ga zanar farko ta tashi sama ta yi yamma kamar an jefa faifai. Ruwan ya biyo baya a kwance, yadda magini ya faɗa. Na tura yara ɗaki na fito neman Inna, na same ta a kan turmi tana ƙoƙarin danne leda a kan bangon gabas da hannu biyu. Na ce ta sauko, ta ce in bangon nan ya jiƙe ya zauna, nawa ne zai biyo baya. Muka riƙe ledar tare har ruwan ya tsagaita. Laka tana bin hannunmu tana gangarowa har hammata. Da muka sauko haƙoranta suna haɗuwa.

Ko a ranar ba ta yarda ta dawo ɗakina ba. Ta ce ɗaki mai kwano takwas, ga ni, ga yara biyu, ga buhun hatsi, ga kayan maigida, ina za a sa tsohuwa? Kuma wai tarinta zai kama yara. Muka nemo zanar muka sake ɗaurawa. Ruwa na biyu ya ratsa ta, na uku ya jiƙa tabarma da buhun da take durƙuso a kai. Ɗakin ya daina bushewa. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya kama zannuwanta. Duk da haka da safe sai in ji ta tana yi wa Allah godiya a kan ruwa, wai gero zai yi bana.

Hajara takan zo gaishe ta da jaririn a goye. Ƙurajen sun warke, ya yi kumatu. Inna ta karɓe shi ta yi ta masa wasa, ni kuwa in kau da kai. Ba zan yi ƙarya ba, na tsani lafiyar yaron nan a lokacin.

Da zazzaɓi ya kayar da ita ban tambaye ta ba, na ciccibe ta na kai ɗakina. Ba ta fi nauyin ɗana ba. Sai a lokacin na san iyakar abin da “ya ishe ni” ya yi wa jikinta. A asibiti suka ce sanyi ya shiga huhu, suka ba da magani, suka ce da an kawo ta da wuri. Muka dawo da ita gida. Tana kwance tana jin ruwa yana dukan kwano, ta ce ƙarar ta yi yawa, zana ta fi daɗin barci. Na ce, “Inna, ko yanzu ba za ki ce kin yi kuskure ba?” Ta kama hannuna ta ce, “Yaron ya rayu, Auta. Ni na ci nawa rabon, har na ƙoshi.” Monper ya zo ya shafa mata mai. Ta cika da hantsi, ranar da rana ta fito sosai.

Mutanen Zango sun yi mana kara. Waɗanda aka warwatsa ko'ina a gari suka zo a kan babura, Alhazawa suka tsaya a ƙofar coci cikin rana har aka gama. Daniyel bai samu isowa ba sai bayan an binne ta.

Kwana kaɗan da jana'iza, da azahar, ina zaune a ƙofar ɗaki na ji ƙarar kwano. Malam Idi ne yake tura amalanke, an ɗaure kwanoni takwas a kai. Na gane su, ga liƙin kwaltata a jiki. Ya sauke su a gabana ɗaya bayan ɗaya, ya tsuguna, idonsa ja.

Ya kira ni da sunana na yanka, ya ce, “Saratu, aro ta ce. Na kawo. Wallahi tun da ta kwanta ban yi barci a ƙarƙashinsu ba.”

Abin da na yi wata da watanni ina so ke nan, ga shi a gabana. Na dubi ɗakin Inna, bangon gabas ya zaizaye har rabi, ba kowa a ciki. Na dubi sama, gabas ta fara haɗa baƙi.

Na ce, “Hajara da yaron suna ina?”

“Suna gida.”

“Wane gida? A ƙarƙashin me?”

Ya dubi kwanonin da ya jera a gabana.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, “Yanzu ka kawo? Yanzu? Wa zan rufe da su? Uwata ta mutu a kan kwanon nan, kai kuma ka kwaye shi ka bar jariri a fili, ta mutu a banza ke nan? Ɗauki! Ɗauki mu tafi!”

Ya ce ba zai iya ba. Na ɗaga na farko da kaina na maka a kan amalanken har ya yanke ni a hannu. Da ya ga haka ya tashi ya kama. Ni a gaba ina ja, shi a baya yana turawa, muka ratsa unguwa mutane suna leƙowa. Muka tarar da Hajara a tsakar ɗaki ta rufe yaron da tasa, sama a buɗe.

Ya hau tsani, ni na riƙe masa, Hajara tana miƙa kwano. Ƙusoshin duk sun lanƙwashe, sai na miƙe su a kan dutse in ba shi. Yana kan na shida iska ta taso, ɗigon farko ya sauka mini a wuya. Tun rasuwar Inna ban yi kuka ba, sai a gindin tsanin nan ya zo mini, ina kuka ina zaginsa, ina ce masa ya yi sauri, ya kuma kula da ƙafarsa kada ya faɗo ya ƙara mini wata gawar. Ya buga ƙusar ƙarshe ruwa yana dukan bayansa.

Hajara ta ja ni ciki. Muka zauna a ƙasa mu huɗu, ruwa yana ta zuba a kan rufin, ko ɗigo bai shigo ba. Ta miƙo mini yaron don ta ɗaure mini hannu. Na karɓe shi. Yana da nauyi, jikinsa da ɗumi, kuma a bushe yake.